Ranar da Gebhard Ya Kwance Furannin Saniya

Duk mai saniya a ƙauyenmu na Hintersteg, a kudancin Jamus, ya san Gebhard Milz. Shi ke hawa kan dutse da shanun gari idan ciyawa ta fito, ya sauko da su kafin ƙanƙara ta zuba. Gajere ne, ga faɗa kamar me, shanu kaɗai yake yi wa magana da taushi. Kakata Afra ta sha ba mu labarinsa bayan abincin dare.

Shekarar da yaƙi ya ƙare, yana can bisa aka yanki ɗan yankinmu aka ba sojojin wata ƙasa su mulka. Iyakar ta faɗo daidai gadar da ke tsakanin gari da dutsen, aka gitta ƙarfe, aka zuba masu gadi. Kakata kuwa mijinta bai dawo daga yaƙi ba. Yara uku gare ta, da saniya ɗaya tilo mai suna Resi, ita ma tana cikin garken.

A wajenmu, in garke ya sauko ba a rasa ko ɗaya ba, ana ɗaura wa saniyar gaba rawanin furanni. Ranar saukowa mutane suka taru a bakin gada, suka hango furanni, mata suka hau murna. Sai sajan mai gadi ya ɗaga hannu, ya ce dokar sabon mulki ce, duk garken da ya shigo, soja na da saniya ɗaya. Ya zagaya, ya nuna Resi.

"Kawu Gebhard, ka yi magana mana!" in ji kakata.

"In ce me da mai bindiga, 'yar nan?"

Ya juya wajen saniyar gaba ya fara kwance furannin, ƙulli bayan ƙulli.

"Kai tsoho, bar mata adonta," in ji sajan. "Ai ta fi ka kyau."

"Ranka ya daɗe, duk shanun nan sun fi ni kyau. Amma furen nan na garken da ya dawo cif ne. Tsawa ba ta ci ko ɗaya ba, rami bai ci ba, sai ga gada ta ci. Ba zan shiga gari da ƙarya a kan saniya ba."

Sajan ya dubi garken, ya dubi tsoho. "Kai kaɗai, damina guda, ko maraƙi ba ka rasa ba? Ubana tumaki yake kiwo a ƙasarmu. Da ya ji wannan, cewa zai yi cika baki kake."

"To turo min shi ya koyi aiki."

Sajan ya tuntsire da dariya har sai da ya dafa ƙarfen. "Mayar mata da kayanta, tsoho mai baki." Da kansa ya ɗaga ƙarfen, Resi ta wuce cikin 'yan'uwanta.

Mulkin nan bai yi wasu shekaru ba aka rushe shi, yaran yanzu ko labarinsa ba su sani ba. Amma nonon Resi ne ya fitar da yaran kakata daga sanyin shekarar, kuma autarsu ita ce mahaifiyata. Daga nan kowace Lahadi Gebhard na da kujera a gidanmu har ya rasu. Kullum sai ya ce miyar ba gishiri, kullum kakata sai ta miƙa masa gishirin, ta ƙara masa nama.