Kawu Tukuna da Faifan Muryoyi

Ƙarfe bakwai saura kwata, mai shara ba ta ma gama da baranda ba, za ka ji ƙarar makullai daga ƙarshen lungu. Kawu ne ya iso. Ɗakinsa a gidan rediyonmu shi ne na jikin banɗaki, wanda aka ba shi na wucin gadi shekara ashirin da shida da suka wuce. Zai rataye hularsa a ƙusa, ya ɗauko tsohon buroshin fenti ya bi kwamfutoci yana kaɗe musu ƙura, yana gaishe su kamar mai duba marasa lafiya: "Ke kuma yau da me kika tashi?" Sannan ya zauna, don ya san kafin shayinsa ya huce wani zai faɗo ɗakin hannu a ka.

Kawu Tukuna muke ce masa, saboda kalmar ba ta barin bakinsa. "Kawu, in goge?" "Tukuna." "Kawu, in danna?" "Tukuna." Mai karanta mana labarai ta rantse cewa ranar da aka zo masa da albishir matarsa ta haihu, sai da ya adana aikin da ke gabansa, ya kashe kwamfutar yadda ya kamata, sannan ya yi hamdala.

Ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Ayyukansa ba sa lissafuwa, amma akwai guda da duk wanda ya gani ba zai manta ba.

Shekara bakwai ke nan, gidan rediyon ya cika arba'in, Manaja ya sa aka ɗauki bidiyon taron. Awa uku ne, biyu daga ciki jawabinsa. Ya ce lallai a saka shi a faifan ajiya, wani baƙin akwati mai girman bulon sabulu da ake jona wa kwamfuta. A cikinsa duk tarihin gidan yake. Kawu ya yi shekara huɗu yana juye tsofaffin kasakasai a ciki, kasakasan kuma tuni danshi ya cinye su. Akwai muryoyin mutanen da suka daɗe da rasuwa, har da ta mahaifin mai karanta labarai, wanda shi ya fara yin sallama ranar da aka buɗe tashar.

Manaja ya gwada da kansa, kwamfuta ta ce bidiyon ya yi girma. Ya aika aka kira Kawu.

"Injiniya, dubi rainin hankali. Faifan nan ko rabi bai cika ba, amma wai babu wuri!"

"Wuri akwai, ranka ya daɗe. Tsarin faifan ne tsoho, FAT32 ake ce masa. Ɗaki ne babba mai ƙaramar ƙofa, duk abin da ya wuce giga huɗu ba ya shiga. Naka giga tara ne."

"Wato jawabina ne ya yi ƙiba?"

"Ban ce ba, ranka ya daɗe. Ƙofar ce ta rame."

Manaja ya ce surukinsa ya san kwamfuta, kuma ya gaya masa a yi fomatin kawai, minti biyar an gama. Kawu ya yi bayani a hankali cewa fomatin shara ce da ke haɗawa da masu gida. Akwai hanyar da za a mayar da faifan sabon tsari, NTFS, mai faffaɗar ƙofa, ba tare da an goge komai ba. Umarni ne layi ɗaya.

"To rubuta mana!"

"Tukuna. Sai na kwashe komai na ajiye a wani wuri."

"Ba kai ka ce ba ya gogewa ba?"

"Haka aka ce. Amma ni ban taɓa sauya wa ɗaki ƙofa da mutane a ciki ba."

Matsalar ita ce ba mu da wani faifan. Sai Kawu ya bi ofis ofis yana roƙon wuri. Ya zuba wasannin kwaikwayo a kwamfutar sakatariya, hirarrakin manoma a ta mai tallace-tallace, labarai a ta ɗakin shirye-shirye. Kwamfuta shida ya raba wa, yana rubuta inda kowane fayil ya sauka a wani littafi mai bangon ruwan ƙasa. Kwana biyu aka yi ana haka, Manaja yana leƙowa duk bayan awa ɗaya yana cewa da surukinsa ne da tuni an wuce wurin.

Rana ta uku da hantsi Kawu ya rubuta umarnin, aiki ya kama. Ya manna takarda a jikin kwamfutar: KADA A TAƁA. Sannan ya zaga banɗaki, minti uku kacal.

Da ya dawo, ya tarar da Manaja tsaye a ɗakin, wayarsa tana caji a bango, filogin faifan kuma yana kwance a ƙasa. Manaja bai taɓa kwamfutar ba, gaskiya ne. Soket kawai ya nema.

Kawu ya mayar da filogin. Faifan ya yi ƙara, kwamfuta ta ce ba ta san shi ba, ta tambaya ko a yi masa fomatin. Daidai nan mai karanta labarai ta shigo, ta karanta abin da ke allon, ta dafe ƙirji.

"Kawu, muryar Babana!"

Manaja ya share gumi. "Wuta ce ta ɗauke."

Kawu ya ɗaga kai ya dubi fanka tana juyawa, ya dubi ƙwan lantarki yana haske. Ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. A soket ɗaya ta ɗauke." Sai ya juya ga mai kukan: "Share hawayenki, 'yata. Babanki yana ɗakin shirye-shirye, shafi na tara a littafina."

Ya jawo littafinsa. Yanzu da babu abin asara, ya yi wa faifan fomatin a sabon tsarin, ya bi kwamfutocin nan shida ya dawo da komai, fayil bayan fayil. Kafin a tashi aiki washegari ya kira ta, ya danna, muryar mahaifinta ta cika ɗakin tana yi wa masu sauraro sallama. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce a sake sakawa. Jawabin Manaja ma ya shiga lafiya lau, yana nan har yau, kuma an ce shi kaɗai ya taɓa kallonsa har ƙarshe.

Kawu bai taɓa gaya wa kowa wanda ya zare filogin ba. Manaja ne da bakinsa ya tona kansa a taron ma'aikata na makon jiya, muna ta dariya, shi kuwa idonsa ya kawo ruwa.

Kai ne, Kawu, ba a taɓa jin muryarka a rediyo ba, amma albarkacinka ake jin ta kowa. Kai ne mai rufa asirin kwamfuta da na mai ita. Mun tambaye ka kyautar da kake so ta ban kwana, ka ce mu daina ɗora kofin shayi a kan na'ura, ya ishe ka. Mun ji, za mu yi ƙoƙari, ban da alkawari.

Mun gode, Kawu. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka. Ku kuma masu karatu, duk abin da kuka san rashinsa zai sa ku kuka, ku ajiye shi wuri biyu tun yau. Kuma akwai irin Kawu a wurin aikinku, yana can wani ɗaki da ba ku cika bi ba. Ku je ku gaishe shi gobe da safe, tun kwamfutarku tana lafiya.