Gwani da Akwatin Saƙon Asibiti

Tun yana ɗan shekara sha biyar Gwani yake gyaran rediyo a shagon da mahaifinsa ya bari. Hannunsa na da kyau, bakinsa ne dai ba daɗi. In ka kawo masa rediyo sai ya fara zagin wanda ya taɓa ta kafin shi, ko da kuwa kai ne. Matarsa ta haƙura da halinsa har ta rasu, amma ƙanensa bai iya ba. Da ƙanen ya koyi gyaran kwamfuta ya ce zai sa tebur a shagon, Gwani ya kira kafinta ya raba ɗakin biyu da katako. Shekara tara kowa na jin tarin ɗan'uwansa, ko gaisuwa babu.

Wata safiya wata malamar asibiti ta zo daga ƙauyen da layin waya ba ya kaiwa. An ba asibitinsu kwamfuta da rediyo mai aika saƙo da wani ɗan akwati, modem, mai mayar da rubutun kwamfuta ƙara ya bi iska, don su riƙa neman magani a babban asibiti. An rasa mai haɗa su. Gwani ya jona wayoyin da dalma, ya saita rediyon, sai ya yi cirko-cirko gaban kwamfutar, don bai san ta inda ake kama ta ba. Malamar ta zagaya ta kira ƙanen.

Ta bakinta suka yi aikin, alhali kafaɗarsu na gugar juna. Ƙanen ya buɗe manhajar da ake buga wa akwatin umarni, allo ya cika da wasu baƙaƙe kamar tafiyar kaza. Gwani ya yi dariyar mugunta, ya ce a gaya wa wancan in bai iya ba ya koma gyaran kayan wasan yara. Ƙanen ya ci gaba da aikinsa. Ya gano manhajar ta fi akwatin saurin magana, ya rage mata gudu, rubutu ya fito sarai. Ya shigar da lambar kiran asibitin, ya buga saƙo. Rediyon ta yi shiru, jar fitilarta ko ƙyaftawa.

Gwani ya rantse laifin kwamfuta ne. Ƙanen ya zare fulogin da Gwani ya jona wa wayoyin, ya juya shi a haske, ya nuna da bakin biro: wayar da ke sa rediyo ta aika saƙo tana manne a ƙafar fulogin da ba tata ba.

"Yaya, idonka ya fara tafiya," in ji shi, a hankali.

Gwani ya ji kamar an mare shi a kasuwa. Ya fizge fulogin, ya gyara shi. Fitilar ta kama, akwatin ya yi ƙara, can sai ga amsa daga babban asibiti. Malamar ta yi ta godiya, shi kuwa ko kallonta bai yi ba.

Bayan wata biyu ta dawo da rediyon, ruwan sama ya shige ta. Gwani bai ko ɗaga kai daga teburinsa ba.

"Kai wa mai ido, Malama."

Ƙanen bai san cikin rediyo ba. Ta roƙi Gwani har azahar, sannan ta naɗe kayanta ta tafi neman wani mai gyara a wata unguwa.