Hannun Baba na Dama

Mahaifina wanzami ne, a bakin kasuwar Wudil yake zama. Wata Juma'a, kasuwa na tsakar ci, aska ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace. Kafin labari ya same ni a Sabon Gari, har abokan sana'arsa sun kwantar da shi sun fito da ƙaho. Wai jini ne ya yi masa yawa a ka, sai an zuƙe.

Ban san komai a likitanci ba, amma ina da taurin kai, kuma a wurin Baba na gada. Da na iso Wudil, na ce asibiti za mu, Kano. Baffa, ƙanensa, ya harare ni ya ce, "Kai yaro, mu za ka koya wa jini?" Baba ne ya raba gardamar. Magana ta gagare shi, sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna titi.

A can aka yi masa allurar wani ruwa a jijiya, aka tura kansa cikin na'ura. Likita ta juyo mana da kwamfuta, sai ga ƙwaƙwalwar Baba launi-launi. Ta ce na'urar bin ruwan nan take yi, tana auna yawan jinin da ke kowane lungu da saurin wucewarsa. Ta nuna wani shuɗi a ɓarin hagu, ta ce nan ne ke juya hannun dama, kuma jini bai isa wurin ba. Ashe ƙaranci ne.

Na ce, "Likita, hannun fa? Da shi yake ci."

Ta ce, "Wurin da ya mutu kaɗan ne. Wanda ke kewaye da shi ƙishirwa yake ji. Kun zo a kan lokaci."

Bayan an sallame mu, Baba ya sha aiki. Yana matsa ƙwallon roba, yana tsintar wake a faifai, yana yi wa yatsunsa faɗa kamar yaran gida. Da kaka ta yi, ya koma kasuwa ya shimfiɗa tabarmarsa.

Mutane suka yi ta zuwa. "Sannu Baba, ya jiki? Allah Ya ƙara sauƙi." Gaisuwa har da durƙuso, amma hular kowa na kansa daram. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tuɓe tawa, na zauna a gabansa.

Ya ce, "Ba ka tsoro?"

Na ce, "Ina ji, Baba. Yi dai."

Ya jiƙa mini kai, ya wasa aska. Hannun na rawa kaɗan, ya ɗan yanke ni a bayan kunne, amma ya aske ni tas. Ranar ban mayar da hula ba. Na zaga kasuwa har kara, wurin 'yan shanu, kaina na ƙyalli, ina jin kaina kamar wani. Duk wanda ya dube ni sai in ce, "Baba ne. Da hannun dama."