Nehemiya Tanko, Ɗan Ƙwallon Da Ya Karye Sau Biyu

Haihuwa da karatu

Da hantsi, wata ranar Talata cikin watan Agusta na 1958, ana ta yayyafi tun asuba, aka haifi Nehemiya a Janfalan ta ƙasar Ikara. Mahaifinsa Tanko manomi ne, yana cikin waɗanda suka fara karɓar addinin Kirista a unguwarsu, sunan mahaifiyarsa kuwa Matta. An sa shi firamare a Ikara a 1966, ya gama a 1972, bai samu halin ci gaba ba, amma tun lokacin an san shi da gudu da iya ƙwallon ƙafa.

Aiki da aure

A 1979 wani kamfanin sarrafa amfanin gona ya ɗauke shi masinja, kuma kowa ya san ba don takardarsa ba ne, don ya buga wa ƙungiyar kamfanin ne. A Disamba 1981 ya auri Cecilia, 'yar wani malamin makaranta da ya zo Makarfi daga kudancin Kaduna.

Karaya ta farko

A Nuwamba 1984, shekarar da sojoji suka tsuke bakin aljihu ana ta rage ma'aikata, ƙwaurinsa na dama ya karye a wani wasa a Makarfi. Da yake babu kayan aiki a asibitin kusa, sai aka kai shi Kudan wurin wani maɗori, Malam Sama'ila. Al'adar gidan ita ce a karya ƙafar kaza a ɗora ta tare da ta majinyaci, kuma jama'a sun ɗauka ranar da kazar ta warke shi ma ya warke. To, cikin mako uku kaza ta miƙe. Lawal, kyaftin ɗin ƙungiya, ya zo dubiya ya gan ta, ya ce, "Kai Nehemiya, kazarka har zakara ya kasa cim mata, kai kana nan kwance kamar buhu? Ana fa rubuta sunayen waɗanda za a sallama." Malam Sama'ila ya ce, "Ɗana, kar ka biye masa. Nauyinka da nata ɗaya ne? Ka ba ni wata uku." Amma tsoron rasa aiki ya rinjaye shi, ya kwance ɗorin da hannunsa.

Karaya ta biyu

A Janairu 1985, mako bakwai kacal bayan ta farko, ya shiga fili. Ba a yi minti goma ba ya juya zai bi ƙwallo, babu wanda ya taɓa shi, ƙashin ya sake karyewa har ya huda fata. A wani asibiti a Zariya likita ya shaida wa iyalinsa cewa muddin raunin ya ruɓe, babu makawa sai an yanke ƙafar. Mako biyar aka yi cikin wannan fargaba. Kowace safiya Cecilia takan sunkuya ta shinshini bandejin kafin ta gaishe shi. Allah ya sa ƙafar ta tsira, sai dai ta gajarce da kamar faɗin yatsa. Aikin da ya yi kasadar dominsa kuwa an sallame shi a Maris ɗin shekarar.

Jinya da komawa fili

Wani ma'aikacin gashin ƙashi ya tsara masa yadda zai bi, shi kuma ya bi daki-daki: sanda biyu, sanda ɗaya, tafiya cikin yashin rafi, ɗaga jakar yashi da ƙafar, sassarfa, daga ƙarshe tsalle a kanta ita kaɗai kamar mai langa. Wata ashirin da ɗaya wannan ya ɗauke shi. A Oktoba 1986 ya buga wa ƙungiyar garin Ikara a Kudan, duk wanda ya tunkaro shi sai ya yi maza ya rabu da ƙwallon. Minti goma sha biyar ya yi ya fita, amma dai da ƙafarsa ya fita. Ya ƙara shekara uku yana wasa, kuma ya sha faɗa cewa bai taɓa juyawa a kan ƙafar nan ba tare da ya saurari ƙarar ƙashi ba.

Shekarun ƙarshe

Daga 1990 ya koma noman rake da barkono, 'yan wasan da suka ji rauni daga Ikara, Makarfi da Kudan kuma suka riƙa zuwa wurinsa. Ba ya ɗori, ba ya ba da magani. Sharaɗinsa ɗaya: mai rauni ya bar takalman ƙwallonsa a hannunsa, ba zai karɓa ba sai ya yi tsalle da ƙafar mai ciwo daga ƙofar gida zuwa gindin mangwaro ya dawo, bai dafa komai ba. Da yawa sun yi fushi da shi, wasu suna ce masa matsoraci, shi kuwa yakan amsa da cewa haka ne.

Rasuwa

Ya rasu ranar 9 ga Maris 1996 sakamakon ciwon sanƙarau, yana da shekara talatin da bakwai. An yi masa addu'a a majami'ar Janfalan, aka binne shi kusa da mahaifinsa, Kirista da Musulmi duk sun halarta. Ya bar matarsa Cecilia da 'ya'ya uku: Rosaline, Barnaba da Angelina.

Takalman mutum ɗaya suka rage a ɗakinsa, na Jumare, mai tsaron baya daga Saulawa, wanda ya goce a gwiwa. Kwana uku da binnewa Jumare ya zo ta'aziyya, ya nemi takalmansa saboda akwai wasa ranar Asabar. Cecilia ta ce, "Malam Jumare, ga mangwaro can." Bai kai rabi ba gwiwar ta lanƙwashe, ya tafi ko sallama babu. Bayan mako huɗu ya dawo, ya je ya komo a ƙafa ɗaya. Cecilia ta fito masa da su a goge, ta riga ta kai an ɗinke inda suka ɓarke. Ya rataya su a wuya, ya hau kekensa ya tafi.