Takardun da Ban Ƙona Ba

Akwai wata Juma'a da har yau ba ta fita daga raina ba, a ƙarshen zango na biyu. Ni masinja ne a wata sakandare a Kafanchan, na tsufa a aikin. Aji huɗu na yi a firamare, don haka kada ku jira dogon bayani.

Ku sababbi, ga yadda aikin yake. Malamai su gama maki, ofis ya buga sakamako, ni in manna a allon sanarwa, na ɗaya a sama, na ƙarshe a ƙasa. Takardun amsa kuwa in zuba a buhu, in kai bayan kicin, in cinna musu wuta. Na ga kukan yara a gaban allon nan har ya daina damuna.

Ran nan na jawo buhu, ashana a hannu, sai ga Rifkatu, 'yar aji biyar, ɗiyar wani manomin citta daga Fadan Kagoma. Ita ce ta ƙarshe a darasin lissafi. Madam Saratu, mataimakiyar firinsifal, ta riga ta gaya mata: in ta sake faɗuwa a zango na uku za a cire ta daga ajin kimiyya, maganar zama nas ta ƙare.

"Baba, don Allah kar ka ƙona tawa."

"Me za ki yi da ita? Miya?"

"Zan karanta."

"Duk jan biro ne fa, 'yata."

"Shi nake so. Mun yi yawa a aji, Baba. A wurin jan biron nan ne kawai malam ya yi magana da ni ni kaɗai."

Na je na tambayi Madam. Ta ce ba wata doka da ta hana, ba wanda ya taɓa nema ne kawai.

Kafin in dawo sun zama su tara, duk 'yan ƙasan allo, sun durƙusa suna tonon buhu. Wani Bulus ya ɗaga tasa yana dariya.

"Ashe ba kaina ne ya lalace ba! Alamar ɗebewa nake mantawa!"

"Sau nawa?" in ji Rifkatu.

"Sau shida!"

"To kai ciwonka ɗaya ne. Ni nawa uku. Zauna mu gani."

Haka suka riƙa zama gindin mangwaro bayan an tashi, zango guda, kowa da kuskurensa a cinya, ba mai jin kunyar wani.

Da sakamakon zango na uku ya fito, na fara neman sunanta daga ƙasa, yadda na saba. Babu. Na yi ta hawa da yatsa har tsakiya. Nan na same ta. An bar ta a ajin kimiyya.

Shekaru ina manna sunaye, na ɗauka allon nan yana faɗin ko wane ne yaro. Ashe inda ya tsaya ranar kawai yake faɗi. Don haka ku masu shigowa aikin, in an ce ku ƙona, ku fara leƙa aji ku tambaya ko akwai mai son tasa.