Mafarauci da Littafin Mata

A tashar Kankiya, benci guda ya zama na mutum ɗaya. Wani dogon mafarauci ne zaune a kai, karnuka biyu masu girman maraƙi kwance a ƙafafunsa, kunnuwansu a yanke. Duk mai wucewa sai ya tattare bakin rigarsa, kada yawun kare ya ɓata masa tufafin salla.

Jamilatu mai awara kuwa littafin hannunsa take kallo, irin wanda matan aure ke aro a tsakaninsu. Ta san shi, labarin wata ce da ta rasu wajen haihuwa, ita ma ya sa ta kuka. Mutumin yana bin layi da yatsa, leɓensa na motsi. A bangon littafin akwai tabon lalle.

Ɗan kamasho ya ɗaga murya daga nesa: "Malam, motar Kusada saura mutum ɗaya, amma ban da karnukan nan!"

Ɗaya daga cikin karnukan, baƙi, ya miƙe yana gurnani, gashin wuyansa a tsaye. Mutumin bai ko ɗago ba, ya dai taka sarƙar da aka ɗaure karen da ita.

"Ku tahi abinku," ya ce.

Ya iso wani shafi da aka ninke gefensa. Jamilatu ta raya a ranta cewa nan matarsa, mai littafin, ta tsaya, kuma ba za ta dawo ta ƙarasa ba. Tana jira ya juya shafin. Ya daɗe yana shafa ninkin da babban yatsa, sannan ya koma shafin farko.