Baba Mati da Tulunan da Mata Suka Ƙi

Kafin rana ta ɗago ta fara dukan ƙeya, Baba Mati ya gama zagayensa. Daga sallar asuba ba ya wucewa gida. Sai ya tsaya a wurin alwala, ya zaro tsohuwar garwar da ya kafa a bakin magudana, ya kai wa zogalen bayan masallaci ruwan da jama'a suka wanke fuska da shi. Daga nan ya shiga lambunsa na bayan gida, wanda bai fi shimfiɗar tabarma goma ba, ya yi ta sunkuyawa yana ɗaga ciyawa yana leƙa ƙasa. Da hantsi kuma yana gindin marke da almakashi da tsohon tiyub, yana facin guga da bokiti. Shekara arba'in ke nan haka Unguwar Marke ta san shi, mu da ke gefen hanyar Ɗanbatta.

Hannunsa ba ya barin abu ya mutu. Wilin keken da ke bakin rijiyarmu, wanda igiya ke bi ta kansa har tsohuwa ma take iya jan guga, aikinsa ne. Shi ya huda gwangwanin madara da ƙusa ya zama abin yayyafa wa iri ruwa. Shi ya rataya gwangwanaye a jikin sanda, iska ta kaɗa su yi ƙara kaji su watse. Ba duka ke ci ba kam. Ya taɓa ƙera fanka da fedar keke, wadda mai tuƙa ta ya fi wanda ake yi wa fifita jiƙewa da gumi, kuma har yau in an tuna masa shi ke fara dariya.

Ni Asama'u, malamar firamare, danni ɗaya ne tsakanin gidanmu da nasa. Kuma ni ce na kai shi ƙara. Gara in faɗa da bakina tun kafin a faɗa mini.

A shekarun nan ne da damina ta yi ta ɗaukewa da wuri, mai ya yi tsadar da injin burtsatse ya kwanta, gari duk ya koma kan rijiya ɗaya. Da bazara ta tsananta, sai guga ya riƙa fitowa rabi ruwa rabi laka. Kayan miya a kasuwar Ɗanbatta sai kallo. Abin da ya rage tsakanin yaranmu da tuwo da miyar kuka tsura safe da yamma shi ne 'yan lambunan bayan gida, su ma kuma ƙonewa suke yi. Alayyahuna ya kwanta, tattasai ya zubar da fure. Amma in na leƙa ta ɓular danni, sai in ga kuɓewar Baba Mati koriya shar, yakuwa tana sheƙi, tumatir ya yi nauyi har an tokare shi da kara. Raina ya ɓaci. Na ce babu yadda za a yi, tsohon nan ɗiban ruwa yake fiye da rabonsa. Na yafa mayafi na tafi wajen mai unguwa Badaru.

Mai unguwa dama yana neman dalili. Ya tara mutane a gindin marke ya ce, "Mutum ya sha, dabba ta sha. Daga yau babu mai ba ganye ruwan rijiya."

Baba Mati ya ajiye almakashinsa. Bai dube ni ba, ko da yake kowa ya san bakin wa ya jawo zancen.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "kafin a yanke, a taka a ga lambun nawa."

Muka ɗunguma. Ya durƙusa a tsakiyar kuɓewa, ya kawar da ciyawa, ya ɗaga wani ɓallin kasko. Ashe tulu ne binne a ƙasa har wuya, shuka ta kewaye shi. Haka suke jere, guda tara. Ya ce ruwan yana fita ta jikin tulun kaɗan-kaɗan zuwa saiwa, rana ba ta ganinsa balle ta shanye. Bokiti biyu ke riƙe masa lambun kwana uku, yawanci ma ruwan wanke hatsi ne da na ɗauraye kwano.

"Tun yaushe kake wannan?" in ji mai unguwa.

"Tun ina da haƙorana duka. Ba wanda ya tambaye ni ne."

Mai unguwa ya ce ya ba mu sati uku. In lambunan mata sun tashi a kan bokiti biyu, a bar su. In ba su tashi ba, doka ta hau kan kowa har shi Baba Matin.

Nan muka tafka kuskuren da har gobe nake jin kunyarsa. Kowace mace ta shiga ɗaki ta ɗauko tulunta mafi kyau. Ai ba a fita kunya da kayan banza, kuma wa za ta yarda maƙwabciya ta ga ta binne tarkace? Ni nawa na gado ne, na kakata, ya yi santsi ya yi baƙi, ko ɗigo ba ya fitarwa. Muka binne, muka cika, muka rufe. Kwana goma ruwa yana nan cikin tulu yadda aka zuba shi, shuka tana mutuwa a gefensa. Surutu ya tashi. Wasu suka ce akwai abin da yake tofawa ya ɓoye mana. Ban faɗa ba wannan karon, amma ban hana ba.

Kai ne, Baba, ka yi sallama a ƙofar gidanmu da fatanya a kafaɗa, gidan matar da ta ɓata maka suna. Ka tone tulun, ka shafa bayansa, ka nuna mini tafin hannunka a bushe.

"Malama, wannan ai na amarya ne," ka ce. "Ƙasa ba ta son mai rowa. Wanda ke naso za ki ba ta, irin wanda in kin saya kike mayar wa Furera da faɗa."

Furera ita ce maginiyar tukwanen garinmu. Duk tulun da bai gasu sosai ba, wanda ke jiƙa ƙasa a inda aka girke shi, mu mata mukan mayar mata, ita kuma ta jibge a bayan gida. Ashe shekara da shekaru can kake zuwa tsinta, mu kuwa muna cewa tsufa ne ya sa ka tara shara. Ranar kai da ita kuka kwashe jibgin nan kaf a amalanke. Gida ashirin da uku ka shiga cikin kwana huɗu, a tsakiyar zafin da ko akuya ba ta barin inuwa, kana tonewa kana sake binnewa, gwiwoyinka suna ƙara. Ko ruwan da aka miƙo maka sai ka kurɓi rabi ka juye sauran a tulu.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika mai unguwa ya zagaya. Ba duka suka tashi ba, gaskiya, gida shida sun makara. Amma a sauran alayyahu ya ɗago kai, yakuwa ta yi sabon toho. Ya tsaya a lambuna ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wa Baba Mati, "Saura gidana." Ba a sake ta da zancen dokar ba. Bazarar nan da biyun da suka biyo ta, yaran Unguwar Marke sun ci miyar ganye. Furera kuwa yanzu da gangan take gina masu naso, har daga ƙauyukan gefe ake zuwa nema.

Bana gwiwa ta ƙi, Baba ya daina zama gindin marke. Lambun ne kawai bai bari ba, yana bin tulunansa a kan 'yar kujera. Ba shi da takardar yabo ko ɗaya, kuma da an ba shi na san murfin tulu zai yi da ita. Ku da ke karanta wannan, akwai irinsa a unguwarku, yana wani abu da kuke yi wa dariya. Ku je ku tambaye shi tun yana iya durƙusawa ya nuna muku, kuma abin da kuka iya kada ku jira sai an kai ku ƙara kafin ku koyar.

Baba Mati, mai rayar da abin da aka yar, mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Ni kuma akwai maganar da na riƙe shekara da shekaru, ina aika maka da kuɓewar fari duk bazara a madadinta. A gaban jama'a na ɓata maka suna, don haka a gaban jama'a nake roƙo. Ba ka ɗebi ruwan kowa ba, Baba. Ka yafe mini.